Tsumman da Na Ɗora wa Akwatin Baba

Filasma uku suka mutu a falona cikin 'yan shekaru, kuma ta ukun da hannuna na kashe ta. Ta farko haka kawai ta ɗauke hoto wata safiya ta bar murya, kamar mai magana daga bayan labule. Ta biyu, wuta ce ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta kwana biyu, muka ji wani ɗan tas, shi ke nan. Ta ukun kuwa, wadda 'yata ta aiko mini da ita da ƙaramar Sallah, ana cikin karanta labarai hoton ya tsaya cak, bakin mai labarai a buɗe. Na danna rimot, na sake dannawa, na jijjiga shi. Sai na miƙe, ban ma san na miƙe ba, na buɗe tafi na zabga mata mari a gefe. Gilashin ya tsage daga kusurwa, wani baƙin abu kamar tawada ya malalo ya cinye fuskar mutumin. Amma ba asarar ce ta tsaya mini a rai ba. Da na juyo sai na ga jikata, 'yar shekara biyar, wadda ke zaune a tabarma tana cin gyaɗa, ta saki kwanon, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta cusa kai tsakanin gwiwoyinta. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma na san irin wannan zaman, don na taɓa yin sa a bayan randar Innarmu.

Washegari na naɗe filasmar a zane na tari mai keke zuwa wajen masu gyara a bakin kasuwa. Mai shagon ko juya ta bai yi ba. Kallo ɗaya ya yi mata ya ture ta gefe.

"Baba, fanel ɗin, wato gilashin hoton, ya tafi. Wannan ba ya gyaruwa. Ko an samu fanel, gara ka sayi sabo. Haka suke yin su yanzu, shekara biyu, uku, sai bola."

A bayansa matattun filasma ne jere a jingine da bango, kamar faranti a kwandon wanke-wanke. Na tambaye shi ko ba ya buɗe su ya duba, ya yi dariya ya ce babu abin da hannu zai kama a ciki. Sannan ya tambayi wanda ya buge ta, na ce faɗuwa ta yi. Ƙaryar ta zo mini da sauƙi, don ba ranar na fara ƙarya a kan talabijin ba.

Mu tsofaffi muna da wata hira da ba ma gajiya da ita a majalisa bayan la'asar. Da zarar wani ya ce tasa ta mutu, sai kowa ya gyara zama a hau yabon kayan da: rediyon da, keken da, akwatin talabijin na da, wanda za ka mara ka ƙara mara, shi kuwa sai ƙara lafiya yake yi. Daga nan ba a jimawa sai hirar ta gangaro kan 'ya'ya. A ce yaran yanzu ma haka suke, ba su da ƙwari, tsawa kaɗan sai su fashe, alhali mu an jibge mu kuma ga mu nan garau. Nakan gyaɗa kai tare da su, har nakan ƙara nawa. Game da akwatunan gaskiya suke faɗa, ni shaida ne. Game da yaran ne na san wani abu da ban taɓa faɗa a majalisa ba.

Akwatin Babanmu ƙarti huɗu ne suka sauko da shi daga mota ranar da ya iso. Katako ne mai sheƙi, da ƙafafu huɗu, da ƙofofi biyu da ake zugewa su rufe gilashin, da ɗan makulli a tsakiya. Eriyarsa a kan gora aka ɗaura ta, ta zarce mangwaron gidanmu tsawo, don daga nesa hoton yake zuwa Lafiya a lokacin. Idan an kunna shi ba ya hanzari kamar na yanzu. Sai ya fara wani gunji can ciki, sai ƙamshin ƙura mai ɗumi ya tashi, sai murya ta zo, sannan hoto ya biyo baya yana miƙa kamar wanda aka tasa daga barci. Idan an kashe kuwa, hoton ya tattare ya zama ɗigon haske a tsakiya, mu tsaya muna kallonsa har ya ɓace. Tashar ma ba ta buɗewa sai la'asar. Yaran unguwa, Alago da Eggon da Tibi da mu, kowa da yaren gidansu amma a bakin taga Hausa ake yi, sukan yi cincirindo har sai an kore su. Ranar da iska ta juya eriya, ɗaya ya rungumi gora a waje yana murɗawa, na ciki suna ihu: ya yi, bai yi ba, koma kaɗan, tsaya haka. Yau jikata da yatsa ɗaya take sauya tasha ɗari, kuma babu wadda take kallo har ƙarshe.

Lahani ɗaya ke gare shi. Idan ya ɗan jima a kunne, hoton yakan fara gudu daga ƙasa zuwa sama, kan mutum a ƙasa, ƙafafunsa a sama. Baba ba ya murɗa komai. Yakan miƙe a hankali, ya naɗe hannun riga, ya kifa masa mari a gefen hagu har ƙofofin su yi kara, nan take hoton ya tsaya. Sai ya koma kujerarsa yana cewa ba lalacewa ya yi ba, raini ne. Wannan kalma ita ce maganin komai a wurin Baba. Shugaban leburorin hanya ne, hannunsa faffaɗa, tafin kamar ƙasan turmi, kuma da shi yake gyara lebura, da akuya, da babur, da mu. Na ga ya karya wa tunkiya ƙafa don ta sa baki a buhun masara. Na ga ya watsa wa Inna miya mai zafi a zani don gishiri ya yi yawa, ta durƙusa ta kwashe kwanon. Mun san ƙarar babur ɗinsa tun daga kwanar masallaci. Da ta shigo kunne sai gida ya mutu: Inna ta sassauta taɓarya, mai dariya ya haɗiye abarsa, kaji ma sai su bi bango. Ba zan ce bai ƙaunace mu ba, don bai taɓa barin mu da yunwa ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kama ni shi ya goya ni a bayansa. Amma tsoronsa nake ji fiye da komai a duniya, kuma har yau in na ji tsohon babur irin nasa sai na waiga.

Makullin akwatin a hannun Yayana yake. Shi ne babba, yana da shekara goma sha biyar ina da tara, kuma aikinsa ne kowace safiya ya buɗe ya goge gilashi ya rufe. Dokar ita ce ba a kunnawa sai Baba yana gida. Kuma Baba yana da hanyar sani. Waɗannan akwatuna kwalabe ne a cikinsu masu ɗaukar zafi, ko an kashe su sukan jima ba su huce ba. Don haka da ya shigo, kafin ya cire takalmi, kafin ya amsa sannu da zuwa, sai ya wuce falo ya shimfiɗa tafinsa a bayan akwatin, inda ƙananan ramukan shan iska suke. In da sanyi, a zauna lafiya. In da ɗumi, kowa ya san sauran. Matsalar ita ce ranar Asabar da la'asar ake nuna kokawa, kuma ranar Asabar ce Baba ke tafiya gonarsa ta wajen Assakio, ba ya dawowa sai dab da magariba. Sai Yaya ya ƙirƙiro dabara. Mu kalli kokawa, ya kashe da wuri, ya jiƙa tsumma, ya matse shi har sai ɗigo ɗaya ba ya fita, ya shimfiɗa a saman katakon nesa da ramukan, ni kuma in yi ta fifita da faifai. Kafin babur ya kawo kwanar masallaci akwati ya yi sanyi, tsumma yana kan igiya, mu kuma muna tsakar gida da allunanmu kamar waliyyai. Mun yi haka fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Wata Asabar Yaya ya ce yau ba kallo. Ya ji Baba yana gaya wa Inna ba zai daɗe ba, taki kawai zai kai. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce yau ne ƙaton nan mai rufe fuska zai kara da mai gemu, ya ce ko Sarkin kokawa ne ba zai buɗe ba. Inna ta aike shi kai niƙa, ya ɗauki kwarya ya fita. Na san inda yake ɓoye makullin, cikin tsohon takalmin makarantarsa a ƙarƙashin gado. Na ɗauko, na zuge ƙofofin, na kunna, na rage murya don kada Inna ta ji daga madafa. Ni kaɗai na zauna gaban gilashin nan ina kallon ƙato yana ɗaga ƙato yana maka shi da ƙasa, yana take masa wuya, har na manta da duniya. Ban farga ba sai da na ji babur, kuma ba daga kwanar masallaci ba, ya riga ya wuce ta.

Na kashe, na taɓa baya, zafi kamar murhu. Na ruga na fizgo tsumma daga igiya, na tsoma shi cikin randa har gwiwar hannuna, na dawo da shi yana zuba. Ban matse ba. A hankalina na yaro, ruwa mai yawa zai fi saurin sanyaya shi. Kuma ban ɗora shi a sama inda Yaya ke ɗorawa ba, a kan ramukan na kifa shi, na danna da hannu biyu. Na ji wani cuuu daga ciki. Na janye tsumman na cilla bayan randa, na rufe ƙofofi, na mayar da makulli cikin takalmi. Ina fitowa daga ɗaki Baba yana jingine babur, Yaya kuma yana shigowa da garinsa a ka, bai san komai ba.

Baba ya wuce falo kamar kullum. Ya shimfiɗa tafi. Ya jima bai ɗauke ba, sannan ya ɗago hannun ya dube shi, ya murza yatsu. Ya kira Yaya ya ce ya kawo makulli. Ya buɗe da kansa, ya murɗa makunni. Gunjin ya fara, sai wata ƙara ta tashi kamar an harba bindiga a ɗaki, wuta shuɗiya ta yi tsalle daga baya, hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya cika falon. Baba bai yi tsawa ba. Ya zuge ƙofofin akwatin a hankali, ya je ya sa wa ƙofar falo sakata, da shi da Yaya a ciki. Ta taga na ji tambayarsa.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya zuba masa ruwa?"

Yaya ya ɗago kai. Ya juyo ya dubi taga, inda nake laɓe, idonsa ya sauka a kaina ya ɗan tsaya. Sannan ya mayar da kai ƙasa.

Wayar eriya Baba ya fizgo daga bango, ya ninka ta biyu. Na sha ganin duka a gidanmu, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Kowace sauka sai ta tsaga riga ta tsaga fata. Yaya ya yi ta zagaye kujeru, Baba yana bin sa yana ture su da ƙafa, teburin tsakiya ya kife, kofunan shayi suka tarwatse. Da wayar ta tsinke ya cire bel, da bel ɗin ya suɓuce ya koma hannu. Inna tana dukan ƙofa da taɓarya tana haɗa shi da Allah da Annabi, maƙwabta sun cika tsakar gida, wani dattijo yana kiran sunansa ta taga, bai ko waiwayo ba. Ni kuwa na gudu bayan randa na tsuguna a kan jiƙaƙƙen tsumman nan, na toshe kunnuwa, na cusa kai cikin gwiwa, amma ina ji. Kalma uku ce za ta tsayar da abin, ni ne Baba, kuma tana bakina. Na buɗe baki ya fi sau goma. Abin da ya fito fitsari ne, ya bi ƙafata. Sai na ji marin ƙarshe, na san shi don irin wanda ake yi wa akwati ne, tafi a buɗe, a gefen hagu, sai ƙarar kai ya bugi katako. Daga nan kukan Yaya ya ɗauke. Da maza suka ɓalle sakatar, yana kwance a gindin akwatin jina-jina, jini siriri yana fita daga kunnensa na hagu yana bin wuya, Baba kuma yana tsaye yana haki yana duba ko kusurwar katakon ta ɓantare.

Da sassafe Baba ya sa aka kawo amalanke. Aka shimfiɗa bargo, aka ɗora akwati, aka lulluɓe shi, ya bi shi a ƙafa har kasuwa yana yi wa mai turawa faɗa a kan kowane rami. Ni ya sa na riƙe igiyar da aka ɗaure shi da ita. Mai gyaran wani Batibe ne mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Ya kwance bayan, ya leƙa, ya shinshina.

"Oga, ruwa ya shiga. Amma wannan kaya ba ya mutuwa haka. Kwalba ɗaya ne ya ƙone. Zauna, yanzu zai tashi."

Ya zaro kwalbar da ta yi baƙi, ya busar da cikin, ya laluba wani gwangwani ya samo irinta ya cusa. Kafin azahar akwati yana gunji. Yaya kuwa yana ɗaki a kife, don bayansa ba ya taɓa tabarma, Inna tana ɗiga masa man kaɗanya mai ɗumi a kunne tana toshewa da auduga. Baba ya ce babu inda za a kai shi, raini ne, zai warke. Sai da kunnen ya fara ruwa yana wari, zazzaɓi ya rufe shi, a kwana na shida, sannan Inna ta saci jiki ta kai shi asibiti. Aka ce an makara, abin da ke ciki ya fashe kuma ya ruɓe. Kwana tara ya yi a kwance, ni nake kai masa kunu safe da yamma. In ajiye kwanon, ya dube ni, in dubi ƙasa, in fita.

Bai sake taɓa makullin ba, bai kuma sake zama a falo ba. Ya koyi karkata kai idan ana magana, yara suka sa masa suna a kan haka. Da damina ta zagayo ya tattara 'yan kayansa ya tafi Agyaragu wajen kawunmu, ƙanin Inna, ya bar makaranta ya kama noman doya, shi da malamai ke cewa zai yi nisa. Can ya yi aure, can ya tsufa. Akwati kuwa ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya taɓa samunsa. A gabansa na gama makaranta, a gabansa aka kawo amaryata, a gabansa 'ya'yana suka koyi zama. Masu launi suka fito, Baba ya ce shi nasa bai gaji ba. Ya sha mari ya fi a ƙirga, har gefen hagunsa ya koɗe ya yi fari daidai faɗin tafi, bai sake zuwa wajen mai gyara ba. Baba ne ya riga shi gajiya. Ranar jana'iza Yaya ya zo, ya yi salla, ya ɗauki makara, amma a ƙofar gida ya karɓi gaisuwa. Da aka zo rabon kaya aka ce shi ne babba, ya zaɓa. Ya ce a ba ni akwatin, ai na fi kowa son kallo. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi.

Ba akwatin kaɗai na gada ba. Hannun ma ya biyo ni. Na rantse tun ina yaro ba zan zama Baba ba, amma na mari rediyo, na mari injin ban ruwa, na mari 'ya'yana, kuma na ji bakina yana cewa raini ne. Babban ɗana yanzu in ya kira waya uwarsa yake kira, sai ta ce ga babanka, ya gaishe ni a gajarce. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa mamaci ba. Game da Yaya kuwa, na samo wa kaina wata dabara da nake jin kunyar rubutawa. Duk shekara bayan Sallah nakan je gaishe shi. Mu zauna a benci ƙarƙashin rumfarsa, ni kuma kullum in zaɓi gefen hagu. Idan hira ta lafa yana kallon gona, sai in sassauta murya in ce, Yaya, ni ne na sa tsumma, ka yafe mini. Ba ya ji, ba ya juyowa. Sai in hau mota in dawo Lafiya ina gaya wa zuciyata ai na faɗa. Shekaru na yi ina wannan, har na fara yarda da kaina.

Ranar da na dawo daga wajen mai filasma ban shiga falo ba, ɗakin ajiya na wuce. Akwatin yana nan a ƙarƙashin tsofaffin buhuna, ƙafa ɗaya gara ta ci, an tokare da bulo. Na share ƙura, na jawo waya na haɗa, ina cewa a raina ai ya daɗe da mutuwa. Shiru. Sai gunji. Sai wannan ƙamshin, wanda na yi shekaru ban ji ba amma hancina bai manta ba. Sai gilashi ya yi haske. Babu tashar da zai kama yanzu, yayyafi kawai yake nunawa yana shuuu, amma yana raye. Na bar shi ya jima, sannan na kashe, na zagaya na shimfiɗa tafina a kan ramukan. Da ɗumin ya ratsa hannuna sai na zauna a kan buhu na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba. Yaya ya haura saba'in, bara ma sai da aka kwantar da shi. Na ga cewa in na jira Sallah mai zuwa, wataƙila kabari zan je in yi wa raɗa. Da gari ya waye na nufi tasha.

Na same shi a rumfa yana gyara irin doya, ya rame, wuyansa duk jijiya. Muka gaisa, matarsa ta kawo ruwa ta koma. Duk da abin da na ƙudurta a hanya, ƙafata da kanta ta kai ni gefen hagu. Na zauna, na jira hira ta lafa, na fara motsa baki. Bai dube ni ba, wuƙarsa ma bai ajiye ba.

"Shekara nawa ke nan kana zama ta wannan gefen kana motsa baki? Zagayo ta inda nake ji."

Na tashi na zagaya. Taku huɗu ne, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Na durƙusa a damansa na ce ni ne na ɗauki makulli a takalmi, ni na kunna, ni na sa tsumma ban matse ba, kuma ina bayan randa ina ji har aka gama. Sai ya ajiye wuƙar ya ɗaga hannu. Ni da furfurata, ni da jikoki, na runtse ido na kare kaina da hannu biyu. Babu abin da ya sauka. Da na buɗe ido, ashe tafin ya kai bayan kunnensa mai ji, don kada kalma ta wuce shi. Ya dube ni a haka ya jima.

"Na sani tun ranar," ya ce. "Hannun rigarka a jiƙe yake har gwiwa. Baba ne kawai bai duba ba."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce a lokacin ni ƙashi ne kawai da fata, da wannan marin a kaina ya sauka da an yi jana'iza, don haka dukan shi ya zaɓa da kansa, bai taɓa bin kowa bashinsa ba. Ya ce abin da ya ci shi daban ne. Kwana tara ina shigo masa da kunu, kullum yana jira in faɗa masa, shi kaɗai, ba Baba ba, in ajiye kwano in fita. Ya ce ba gidan Baba kaɗai ya bari ba da ya taho nan, har da ni. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce kunnen ya yafe tun ba a haifi 'ya'yanmu ba, shekarun ne bai san yadda ake yi da su ba, amma zai gwada.

Ya matsa ya ba ni wuri a damansa, ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da yankan iri. Can ya tambaye ni ko akwatin yana nan. Na ce yana nan, jiya ma na kunna shi, har yanzu yana aiki. Ya gyaɗa kai, ya jefa yankin doya cikin kwando.

"Shi kam an kai shi wajen gyara da wuri."